Shawarwari Bakwai Kafin Ka Sayi Injin Goge Fentin Mota

Ƙyallin mota ba a launin fentin yake ba. A yawancin motocin zamani akwai wani shafi garai-garai a saman launin, wanda bai kai kaurin takarda ba. Injin gogewa shi yake ci kaɗan-kaɗan har zane ya ɓace, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa. Da wannan za ka auna kowane inji.

1. San iri biyun. Akwai mai juyawa wuri ɗaya kamar fanka. Yana da saurin aiki, amma yana tara zafi, in hannu ya ɗan tsaya sai ya ƙone fenti, musamman a gefen ƙofa da kan bonet. Wannan na masu fenti ne da suka shekara suna yi. Na biyun yana juyawa yana kuma karkaɗawa, shi ya sa zafi ba ya taruwa, in ka danne shi da yawa ma sai juyawar ta tsaya. Ɗan koyo ya ɗauki wannan.

2. Duba faɗin karkaɗawar. A kwali za ka ga milimita 8, 15 ko 21. Mai 21 yana cin fili da sauri, amma yana wahalar da mutum a lungu da bamba. Mai 8 ko 15, da faifan ɗaura soso mai milimita 125, ya ishi motar gida.

3. Karanta ƙarfin wuta kafin ka yi ciniki. Wutar Najeriya da ta Nijar wajen bolt 220 zuwa 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Injin gwanjo da aka yi don Amurka, kana jona shi kai tsaye zai ƙone. Ka kuma gwada wat ɗinsa da ƙarfin janaretonka ko inbatarka, don ƙaramin janareto ba zai ja inji mai wat 900 ba.

4. Kada ka ɗaura soso a injin yankan ƙarfe. Sun yi kama a ido, amma ƙaramin injin masu walda yana juyawa wajen sau 11,000 a minti, na gogewa mai juyawa kuwa tsakanin 600 da 3,000 yake aiki. Injin da ba shi da maɓallin rage gudu, ka bar wa mai shi.

5. Riƙe shi a hannu, ka sa a kunna. Yawancinsu kilo 2 zuwa 3 ne, kuma goge mota guda na iya cin yini. Wanda ya sa tafinka ya yi sanyi cikin minti biyu, ba za ka kai bayan mota da shi ba.

6. Tambayi sosonsa. Inji ba soso kamar turmi ne ba taɓarya. Kana buƙatar mai tauri na cire zane da mai laushi na fito da ƙyalli, kuma ka tabbata akwai mai girman faifanka a kasuwar garinku. Na gashin tumaki ya fi cin fenti, ka jinkirta shi sai hannunka ya faɗa.

7. Gwada kafin ka taɓa motarka. Sayi tsohuwar ƙofa ko bonet wajen masu kayan gyara ka koya a kai. Ranar aiki, wanke motar tas, ka shigar da ita inuwa har jikinta ya huce. Da hunturu ka nemi wuri mai rufi, don ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin soso ta isa ta zane bonet gaba ɗaya. Fara da soso mai laushi a fili kamar kamu biyu kowane gefe. In launin motar ya fito a jikin soson alhali fentin mai shafin sama ne, tsaya nan take, ka kai wa mai fenti.