Ta Ina Zan Fara Koyar da Zane a Kwamfuta?

Tambaya: Ni malamin zanen fasaha ne a wata cibiyar koyon sana'a a Zariya. An kawo mana kwamfutoci shida, ba sababbi ba, aka ce in fara koya wa ɗalibai AutoCAD. Ɗaliban sun kusa ashirin, yawancinsu masu koyon walda ne da kafinta da gini, wasunsu ma ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Ni na iya manhajar daidai gwargwado, amma da na buɗe ta na fara bayani sai in ga idanu sun yi zuru-zuru. Ta ina zan fara? Kuma dole ne sai AutoCAD?

Amsa: Wannan zuru-zurun da kake gani ba daƙiƙanci ba ne. Duk wanda aka buɗe wa fuskar AutoCAD a karon farko, ya ga gumaka jere reras a sama da baƙin fili a tsakiya, dole gabansa ya faɗi. Kuskuren da yawancin malamai ke yi shi ne su bi gumakan nan ɗaya bayan ɗaya suna faɗin aikin kowanne, kamar mai koyar da tuƙi da ya zaunar da yaro yana karanta masa sunayen kayan inji alhali bai taɓa ɗora hannu a sitiyari ba. Abin da za ka koyar shi ne zane mai awo. Manhajar kuwa za ta shiga hannunsu a hanya.

Don haka shawarata ita ce ranar farko ka shigo aji da bulo. Bulo na gaske, mai inci tara, ka ajiye shi a kan tebur, ka miƙa wa ɗalibai tef su auna. A ƙa'ida tsawonsa milimita 450 ne, faɗi 225, tsayi 225. Kada ka yi mamaki idan naku bai cika ba, domin ba duk masu buga bulo ne ke cika awo ba, kuma wannan ma darasi ne: abin da tef ya nuna shi ake rubutawa. Kowa ya zana bulon da fensir a takarda ta fuska uku, yadda yake daga gaba, daga sama, da kuma daga gefe, ya rubuta awon a jiki. Alherin bulo shi ne ramukansa biyu. Daga sama ana ganinsu sarai, daga gaba kuwa sun ɓuya, sai a nuna su da layi mai tsinke-tsinke. Ɗalibin da ya gane dalilin wannan layin ya gane rabin abin da ake nema a zanen fasaha, tun bai kunna kwamfuta ba.

A nan ma ka tsayar musu da tsari guda na jera fuskokin. A tsarin kusurwa ta ɗaya, wanda aka fi bi a Turai, hoton sama yana zama a ƙarƙashin hoton gaba. A tsarin kusurwa ta uku, na Amurka, yana zama a samansa. Ka zaɓi wanda manhajar karatunku ta tanada ka tsaya a kai, ɗayan kuma ka bari sai sun zauna da gindinsu.

Sai kwamfuta. Waɗanda suka saba da waya kawai za su sha wahalar linzami fiye da yadda kake zato, domin yatsa a kan gilashi daban, hannu a tebur ido a fuskar kwamfuta daban. Ka ba su zama guda cur na wasa da shi. Su murza 'yar tayar da ke tsakiya su ga zane ya matso ya kuma yi nisa, su danne ta su ja zanen hagu da dama. Su san maɓallin Esc da ke can kusurwar hagu ta sama, wanda ke fitar da mutum daga duk umarnin da ya maƙale a ciki. Su san Ctrl da Z na warware kuskure. Ɗalibin da ya tabbata cewa ba zai ɓata komai ba, shi ne ke sakin jiki ya gwada.

Umarni kaɗan ne ake bukata a makonnin farko: LINE na jan layi, CIRCLE na da'ira, OFFSET na fitar da layi a gefen wani bisa tazarar da ka faɗa, TRIM na yanke rarar layi, sai ERASE, COPY da MOVE. Ka yi bayani da Hausa yadda za su fahimta, amma sunayen umarnin ka bar su yadda suke a manhajar, tunda su za su riƙa bugawa. Ka saba musu da bugawa a kibod maimakon farautar gumaka: L da Enter ya kawo layi, O ya kawo OFFSET, TR ya kawo TRIM. Gumaka suna canja wuri daga wannan fitowa zuwa waccan, gajerun haruffan nan kuwa sun daɗe ba su motsa ba. Sannan ka koya musu kallon layin umarni da ke ƙasa. A nan manhajar ke faɗin abin da take jira daga gare su, kuma sababbin ɗalibai ba sa kallonsa sam sai an matsa musu.

Akwai doka ɗaya da ba na son ka sassauta a kanta ko kaɗan: ba a jan layi da ƙiyasin ido. Kowane layi da lambarsa. Ɗalibi ya danna inda layi zai fara, ya kunna F8 don layin ya miƙe sambal a kwance ko a tsaye, ya nuna ɓangaren da zai nufa, ya buga 450, ya danna Enter. Haka kuma F3 ya kasance a kunne, domin shi ne ke sa linzami ya cafke ƙarshen layi ko tsakiyarsa daidai. Ga yadda za ka nuna musu amfaninsa ba tare da dogon wa'azi ba. Ka bar wani ya haɗa kusurwa da ido, har ya gamsu cewa layukan sun haɗu. Sai ka ce ya murza taya ya matso, ya ƙara matsowa. Zai ga layukan biyu sun rabu, akwai rata tsakaninsu, ko ɗaya ya zarce ɗaya. Gani ya kori ji. Irin wannan ratar ce daga baya ke hana manhaja lissafa faɗin ɗaki, ko ta sa injin yankan ƙarfe ya ƙi karɓar zane.

Bayan bulo, ku auna ajin da kuke ciki, ko ku ɗauki ɗaki mai 3600 a kan 3600. Su zana murabba'in ciki, su yi OFFSET na 225 zuwa waje, nan take bango ya fito da kaurinsa. Su fitar da gurbin ƙofa mai faɗin 900, su yi TRIM su buɗe shi. Yawanci a wannan gaɓar ce fuskoki ke washewa, domin abin da ke cin rabin awa da rula da magogi ya kammala cikin minti biyu. Masu walda ka ba su ƙofar ƙarfe ko tagar da suka saba haɗawa, kafintoci ka ba su benci. Kowa ya fi kula da awo idan abin da yake zanawa sana'arsa ce.

Batun awo yana da wani tarko. A bakin aiki mutanenmu da ƙafa da inci suke magana, fili hamsin a kan ɗari, bulo inci shida, amma zanen gini a milimita ake yinsa. Ka tsayar da milimita tun ranar farko, ka rubuta a allo cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne. Sannan ka dasa musu wannan a ka: a cikin kwamfuta ana zana abu da ainihin girmansa. Bangon mita uku da ɗigo shida, 3600 za a buga. Wanda ya taso da allon zane, kamar ni da kai, hannunsa ya saba da raba lamba kafin ya ja layi, kuma sai ka kula kada ka gadar musu da wannan. Rage girma, abin da masu zane ke kira sikel, sai an zo bugawa a takarda ake yinsa.

Kada ka jinkirta bugawar. Ko babu firinta a cibiyar, ku kai shagon buga takardu. Ɗakin nan mai 3600, idan aka buga shi a sikel 1:50, cikinsa zai zama milimita 72 a takarda. Ka ba ɗalibi rula ya auna da kansa. In ya samu 72, ya yi daidai. In ya samu wani abu dabam, to an bar manhaja ta matse zanen don ya cika takarda, kuma magini ba zai iya dogara da shi ba. Nan ne kuma za su gane dalilin girman takardu: A4 milimita 210 ce a kan 297, A3 kuwa 297 a kan 420. Filin ƙafa hamsin a kan ɗari, a sikel 1:100, yana neman kusan milimita 152 a kan 305, saboda haka ba zai shiga A4 ba, sai A3.

Leya kuwa, wato raba zane hawa-hawa ta yadda bango ke nasa, ƙofofi nasu, rubutun awo nasa, ka gabatar da ita ranar da zanen ɗaki ya fara cushewa. Idan suka kashe leyar awo suka ga bango ya fito fes, ba sai ka yi bayani ba.

Kwamfuta shida ga mutum ashirin ba matsala ba ce yadda kake tsoro. Ka raba ajin gida biyu, rukuni ɗaya na awo da zanen fensir, ɗaya na kan kwamfuta, mutum biyu a kowace. Ɗaya na karanto lamba daga takarda, ɗaya na bugawa, bayan kwata su canja. Amma ka sa ido, domin a kowane biyu akwai mai zafin hannu da zai ƙwace linzami ya bar ɗan'uwansa da kallo. Kai ma, Malam, ka riƙe hannunka. Idan ɗalibi ya kakare, faɗa masa abin da zai danna, kada ka karɓi linzamin ka yi masa. Wutar lantarki kuma ka san halinta. AutoCAD na ajiye kwafin gaggawa duk minti goma idan ba a canja saitinsa ba, amma nemo wannan kwafin aiki ne, gara Ctrl da S su zame musu jiki, kowa kuma da jakarsa mai sunansa.

Yanzu tambayarka ta biyu. A'a, ba dole sai AutoCAD ba, ko da yake akwai dalilin da ya sa aka ambace ta. Kamfanin Autodesk ya fitar da ita tun 1982, kuma fayil ɗinta na DWG ya zama abin da ofisoshin zanen gini ke musaya da shi, don haka mai neman aiki a can zai bukace ta. Sai dai tana da tsada, kuma sababbin fitowarta sun yi wa tsofaffin kwamfutoci nauyi. Kamfanin na bai wa ɗalibai da malaman makarantun da suka cika sharuɗɗansa lasisin kyauta na shekara guda, ana sabuntawa, saboda haka ka duba ko cibiyarku ta cancanta. Ban ba ka shawarar kwafin sata da ake sakawa a kasuwa ba. Ban da haramcinsa, sau da yawa yana zuwa da ƙwayar cutar da za ta bi filash ta gama da kwamfutocin shida.

Idan lasisin bai samu ba, LibreCAD kyauta ce, ba ta da nauyi, ba ta bukatar intanet, kuma tana ajiye zane a DXF wanda AutoCAD ke buɗewa. Duk abin da na lissafa a sama, daga bulo har bugawa a takarda, ana iya koyar da shi da ita, illa wasu maɓallan sun bambanta. Wanda ya iya zane mai awo a LibreCAD ba zai daɗe ba zai saba da AutoCAD.

Zane mai jiki uku, wanda ake juya abu a gan shi ta ko'ina, shi ɗalibai za su fi ɗokin gani, kuma ba laifi ka nuna musu sau ɗaya don kwaɗaitarwa. Amma ka bari sai sun iya fuskoki ukun nan. In lokacin ya yi, FreeCAD kyauta ce, fitowarta ta 1.0 ta zo a Nuwamban 2024, kuma ta dace da masu walda da kafinta. A cikinta ana ɗaure zane da sharuɗɗa, a ce wannan layi a tsaye yake, wancan rami a tsakiya yake, sai in ka canja faɗin benci daga 300 zuwa 350 sauran sassan su bi da kansu. Dabarar ba sabuwa ba ce, tana cikin Sketchpad da Ivan Sutherland ya ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka a 1963. Tinkercad ta fi sauƙi, amma sai da intanet, kuma ta fi dacewa da yara.

Wajen jarrabawa, kada ka tambaye su ma'anar umarni. Kowa ya auna wani abu na sana'arsa, ya zana, ya sa awo, ya buga a takarda. Sai ka karɓi takardar ka miƙa wa wani ɗalibin da bai ga abin ba, ka ce ya lissafa ƙarfe ko katakon da zai yanka, tsawo nawa, guda nawa. Duk inda ya tsaya ya waiwaya yana neman mai zanen don ya yi tambaya, ka sa jan biro a wurin, akwai awon da aka manta.