DARASI: Baƙin da ke tsakanin karo, dauɗa ne ko najasa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, wani bawan Allah ya tare ni bayan sallar la'asar da wannan tambaya: karon makewayin gidansa ya yi baƙi a tsagin da ke tsakanin ɗaya da ɗaya, iyalinsa sun wanke har sun gaji bai fita ba. Shin wanda ya taka wurin da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ƙafarsa ta najastu?

Mu fara sanin abin da muke hukunci a kansa. Fuskar karo santsi gare ta, ba ta shan ruwa. Amma simintin da magini ke cike tsagin da shi yana da ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, su ke shan ruwa da maiƙo da sauran sabulu. A madafa, galibin baƙin maiƙo ne da hayaƙi da ƙura. A makewayi da wurin alwala kuwa, funfuna ce ke tsirowa saboda danshi da rashin iska. Babu najasa a cikin waɗannan, kuma asalin abubuwa tsarki ne har a tabbatar da akasinsa. Saboda haka baƙi kaɗai ba hujja ba ne, kada mai waswasi ya wahalar da kansa da iyalinsa.

Inda fitsari ya tabbata kuwa, hukunci daban ne. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin balaraben ƙauye da ya yi fitsari a masallacin Madina, Annabi (S.A.W.) ya hana a katse shi, sa'an nan ya sa aka kwarara guga na ruwa a wurin. A mazhabar Imamu Malik, ruwa muɗlaƙi ne ke gusar da hukuncin najasa, wato ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita da wani abu da aka zuba masa ba. Bushewa da rana ba ta tsarkake wuri a wurinmu, ko da yake Hanafiyya sun sauƙaƙa a kan ƙasa. To, a nan ne gidaje da yawa ke kuskure. Sai a cika bokiti da omo da jabel, a goge, a bar shi ya bushe, a ce an tsarkake. Wannan ruwan ya jirkita; ya kawar da ainihin najasar, amma hukuncinta yana nan har a bi shi da ruwa zalla, ya gudana ya fita da tsarkinsa. Duk da haka Shehu Halil ya bayyana a Muhtasar cewa idan ainihin najasa ya gushe da abin da ba muɗlaƙi ba, abin da ya taɓa wurin ba ya najastuwa, kuma an yi rangwame a kan launi da warin da suka yi wuyar fita. Ƙafar mai tambaya ke nan ta kuɓuta, matuƙar an wanke wurin.

Game da fitar da baƙin, maiƙon madafa ba ya buƙatar tsada. A kwaɓa bikarbonat ko dakakkiyar kanwa da ruwa kaɗan, a shafa a tsagin, a jira kamar minti 10, a cuɗa da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye. Funfuna kuwa jabel ke kashe ta: a sirka shi da ruwan sanyi, a buɗe ƙofa da taga, a kare hannu da ido. Farin ɓawon da ruwan pampo ke bari shi ne ke son tsami, kamar binegar ko lemun tsami, amma kada a yawaita, domin tsami yana cin siminti. Asid mai ƙarfi da ake sayarwa a kasuwa ya fi ɓarna: yau tsagin ya yi fari tas, bayan an maimaita sai ya rarake, ruwan najasa ya sami hanyar shiga ƙarƙashin karo, inda guga ba ya kaiwa. Idan ya riga ya rarake, a kira magini ya kankare ya cike da sabo.

Akwai abin da nake roƙon kowane maigida da kowane ladan su isar ga masu shara. Kada a taɓa haɗa jabel da asid, ko binegar, ko wani maganin wanki mai amoniyak. Jabel da asid suna tayar da iskar kulor mai ƙona ido da huhu, kuma makewayinmu ƙuntatattu ne, da yawa babu taga. Ko fitsarin da ya taru, a fara kore shi da ruwa kafin a zuba jabel. Wanda ya shaƙi wannan iska ya fita sarari nan take. In tari ko ƙuncin numfashi ya ci gaba, a kai shi likita ba tare da jinkiri ba. A gidajenmu sau da yawa ƴan mata ƙanana ake sa wa wannan aiki, a masallatai kuma almajirai, ga shi ba a taɓa gaya musu ba. Kuma kada a juye jabel a cikin kwalbar lemo, a ajiye shi a inuwa inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Allah shi ne mafi sani.