Wasiƙa ga samarin Jiga Makera masu son fim: ku dubi Samanja

Ƙanne da 'ya'ya na Jiga Makera, har da na Aliero da Jega da Maiyama.

Yanzu da wuya a tashi daga majalisar bayan isha'i ba tare da wani yaro ya ciro waya ya nuna bidiyon barkwancin da suka ɗauka da abokansa ba. Wasu ma har sun fara tambayar kuɗin motar Kano. Babu laifi. Amma kafin a ɗaure jaka, ya kamata a san ta inda wani dattijo ya bi har ya zama Samanja Mazan Fama.

Dattijon nan, Usman Baba Pategi, ba Bahaushe ba ne. Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi ta Jihar Kwara ta yanzu, an haife shi a 1942. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya yi aiki a gidan rediyo, sannan ya shiga soja a zamanin yaƙin basasa. Can ya ga fareti da horo, ya ji yadda na sama ke daka wa kurtu tsawa, ya saba da Hausar bariki mai gauraye da Turancin buroka, ya lura da yadda matan sojoji ke zaman haƙuri da juna a ɗakunan da suka haɗa bango. Da ya fito a talabijin na Kaduna da kakinsa, ba kwaikwayon soja yake yi ba. Abin da ya sani ne yake zubawa. Shi ya sa sojoji kansu suka fi kowa dariya, kuma shi ya sa ya iya tsokanar kaki a lokacin da masu kaki ke riƙe da ƙasa, aka bar shi. Ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 81.

Rabilu Musa Ibro ma haka. Sai da ya shekara takwas yana aikin gandiroba kafin fim ya ɗauke shi, kuma har ya rasu a Disambar 2014 bakin ƙauyensu Ɗanlasan bai bar shi ba. Da ya goge shi ya ari na 'yan birni, da wuya a san shi.

Abin da yaron Jiga Makera ke rainawa ke nan, alhali shi ne jarinsa. Yana ganin sai ya sauya harshe, ya daina cewa "mi" da "ɗiya" irin na gida, sannan zai karɓu. Kano cike take da masu Kananci; ba ta rasa su ba. Abin da ta rasa shi ne wanda ya san dillalin albasa na Aliero, yadda yake taya buhu yana kushe shi, yana rantsuwa yana satar kallon mai kaya. Ko manomin da ya ɓoye albasa a rudu yana jiran tsada, ruɓa ta riga shi. Ko majinyacin da aka kawo wa masu ɗori daga wata uwa duniya yana cika baki, aka kama ƙafar ya fara kiran uwarsa. Ko hayaniyar kasuwar Jega ranar da take ci. Duk wannan wasa ne a zube, sai mai kunne.

Sai maganar horo. Su Samanja da Kasimu Yero na Zariya, wanda ya yi Karambana kuma ya fito a matsayin Uncle Gaga a Cock Crow at Dawn, sun taso ne a dandali da rediyo, inda ba a cewa a sake ɗauka. Wanda ya manta layinsa a gaban jama'a, nan take zai ji a jikinsa. Kannywood ɗin kanta daga ƙungiyar wasan daɓe ta fito: 'yan Tumbin Giwa ne suka yi Turmin Danya a 1990. Waya tana yaudara, domin ana yanke kuskure a liƙa dariyar aro. Saurayin da ke son ya san ko yana da baiwa, ya shiga tashe da azumi, ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, ɗan jami'ar Aliero ya nemi ta harabarsu, ya tsaya gaban mutanen da suka san ubansa. In sun yi dariya, ya samu wani abu.

Akwai kuma ɓangaren da ba a sa wa a fosta. Sana'ar ba ta da fansho. Abdullahi Shu'aibu Karkuzu na Jos ya shafe shekaru yana sa Arewa dariya, amma a tsufansa ido ya tafi, sai da ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Don haka mai gona kada ya sayar da ita don kuɗin mota, mai karatu ya kammala, mai koyon ɗinki ko walda ya karɓi 'yancinsa tukuna.

'Yan mata kuwa nauyinsu ya fi, don bakin gari a kansu yake fara sauka. Wadda za ta shiga, ta shiga da sanin iyaye da yardarsu, ta ƙi duk furodusan da ya ce a haɗu a ɗakin otal don gwaji. Wanda ya isa Kano, namiji ko mace, ya fara da rajista a Hukumar Tace Finafinai, wadda ke aiki tun 2001, kuma ya nemi a rubuta masa ladan aikinsa a takarda kafin a kunna kyamara.

Allah ya yi muku albarka. A gaida iyaye.