Yadda Ake Zaɓen Manhajar Riga-kafi ta Kyauta Don Kwamfutar Gida

Manhajar riga-kafi, wato antibairos, ita ce ke tsare kwamfuta daga miyagun manhajoji masu lalata fayiloli, ko satar kalmar sirri, ko kulle takardun mutum har sai ya biya kuɗin fansa. Ta hanyoyi biyu take aiki: tana gwada kowane fayil da jerin alamomin cututtukan da aka riga aka sani, kuma tana sa ido kan take-taken duk manhajar da ke gudana. Kullum ana ƙirƙiro sabbin cututtuka, saboda haka riga-kafin da ba a sabunta shi ba shi da wani amfani, komai sunan kamfanin da ya yi shi.

Kafin a sauke komai, ana fara duba abin da ke cikin kwamfutar. Tun daga Windows 8 da ya fito a 2012, kamfanin Microsoft yake haɗa cikakken riga-kafi a cikin Windows, wanda yanzu ake kira Microsoft Defender. Mai Windows 10 ko 11 yana da shi ko bai sani ba. Idan aka buɗe Windows Security aka ga alamomin duk kore ne, to yana kan aiki. Ga gidan da ba a yin abin da ya wuce rubutu, kallon bidiyo da aikin makarantar yara, wannan ya wadatar, kuma ba ya damun mutum da talla. A nan ne kuma ake duba shekarun Windows ɗin. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, na Windows 10 kuma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Riga-kafi ba ya toshe ɓarakar da ke jikin Windows kansa. Cutar WannaCry da ta addabi duniya a watan Mayun 2017, har ta durƙusar da ayyuka a asibitocin Birtaniya, ta bi ne ta wata kafa da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris, amma mutane da yawa ba su sabunta ba.

Wanda yake son wani riga-kafin daban, sai ya nemi shaidar masu gwaji, domin kowane kamfani nasa yake yabo. Akwai cibiyoyi biyu masu zaman kansu da aka fi dogara da su: AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus, da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya. AV-TEST tana ba da maki har 6 a kowane fanni uku, wato ƙarfin kariya, rashin nauyaya kwamfuta, da rashin kama fayil mai lafiya bisa kuskure, jimilla 18. Sakamakon watannin baya-bayan nan ake dubawa. Na shekara biyar da suka wuce ba ya nuna komai, don Defender ɗin da ake rainawa a da yanzu yana gogayya da na kuɗi.

Sai ƙarfin kwamfutar. Tsohuwar laftof mai RAM na gigabait 4 da tsohon hard disk ba za ta ɗauki manhaja mai tarin kayan ado ba; mai sauƙi ake nema mata. Haka batun data: riga-kafi yana buƙatar hawa intanet a kai a kai, ko da na 'yan mintoci ne.

Abin da ya fi cancantar natsuwa shi ne gane yadda kamfanin yake samun kuɗinsa, tunda ba sadaka yake yi ba. Wasu talla suke cika fuskar kwamfuta da ita, suna tsorata mutum da jan rubutu cewa an gano “matsaloli” da sai ya biya za a gyara. Wasu kuma bayanan mai amfani ne hajarsu. A Janairun 2020 kamfanin Avast ya rufe reshensa mai suna Jumpshot bayan an bankaɗo cewa yana sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta, kuma a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ci shi tarar dala miliyan 16.5. Yana da kyau a san cewa Avast da AVG da Avira da Norton duk suna ƙarƙashin kamfani ɗaya ne yanzu, Gen Digital, kuma Avast da AVG injin bincike ɗaya suke amfani da shi. Barin ɗaya a koma ɗayan, sauya riga ne kawai. Cikin sauran masu yin riga-kafi, Bitdefender na ƙasar Romaniya ne. Kaspersky na Rasha ne, kuma gwamnatin Amurka ta hana sayar da shi a ƙasarta a 2024, dokar da ba ta shafi sauran ƙasashe ba.

Idan an tsai da shawara, daga shafin kamfanin kai tsaye ake saukewa. Kwafin da aka karɓo a filash, ko wanda aka fasa don a kauce wa biyan kuɗi, sau da yawa shi ne ke shigo da cutar. Lokacin girkawa ana karanta kowane shafi, a cire alamar amincewa daga akwatunan da ke neman ƙara burauza ko tura bayanai. Ana kuma bambanta na kyauta da na gwaji: wanda ya nemi lambar katin banki, ko ya ce zai ƙare bayan kwana 30, na gwaji ne. Riga-kafi guda ɗaya tak ake bari yana gadi, domin biyu kan yi karo da juna, kwamfuta ta riƙa sanƙarewa. Defender da kansa yake ja da baya idan aka girka wani, ya dawo idan aka cire shi. Malwarebytes na kyauta yana iya zama tare da kowanne, saboda sai an umarce shi yake bincike.

Da an gama girkawa, sai a sabunta shi nan take, a sa shi ya binciki kwamfutar gaba ɗaya, abin da kan ɗauki awa ɗaya ko fiye a tsohuwar na'ura. Ana iya jarraba shi da fayil ɗin gwaji na EICAR, ɗan rubutu mai haruffa 68 wanda ba ya cutarwa, amma kowane riga-kafi na ƙwarai zai cafke shi kamar cuta. Jarrabawa ta gaske kuwa ita ce filash ɗin da ya dawo daga shagon buga takardu: a buɗe shi a tarar manyan fayiloli sun ɓace, an bar gumaka masu 'yar kibiya a kusurwa ɗauke da sunayensu. Ba a danna ko ɗaya, domin dannawar ce ke tayar da cutar. Ana danna maɓallin dama na linzami a kan filash ɗin, a zaɓi bincike. Takardun na asali galibi suna nan, ɓoye su aka yi, kuma suna bayyana idan aka umarci Windows ya nuna ɓoyayyun fayiloli bayan an share cutar.