Amsoshin Tambayoyinku: Zane da Umarnin Kwamfuta, Wasa ne ko Sana'a?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne, na gama sakandare ina jiran shiga jami'a. Ina koyon JavaScript a wayata, ran da na samu kuɗin mota kuma in shiga Kankiya in zauna a shagon kwamfuta na wani abokina. Kwanan baya na ga bidiyon wasu mutane suna rubuta 'yan layuka, sai zane ya fito a allo yana motsi, launuka suna sauyawa da kansu. Abin ya shiga raina. Yayana ya ce wasan yara ne, gara in koyi haɗa manhajar da za ta kawo kuɗi. Mene ne asalin wannan abu, ta ina zan fara, kuma ana cin abinci da shi? Na gode. Daga mai karatunku a Ƙofa, ƙaramar hukumar Kusada, jihar Katsina.

Amsa: Ka gaishe da yayan naka, ka ce masa akwai gaskiya a maganarsa, za mu iso wajen. Bari mu fara da abin da ka gani.

Mai zane na al'ada yana riƙe alƙalami ya ja layi inda ya ga dama. Waɗannan da ka kalla doka suke rubutawa, kwamfuta ta ja layin. Su ce mata: ki zana da'ira, ki matsa kaza, ki rage girmanta kaɗan, ki sake, har sau ɗari biyar. Wani lokaci su bar mata gurbin da za ta jefa ƙuri'a ta zaɓi launi ko kusurwa, shi ya sa ko wanda ya rubuta dokar ba ya sanin ainihin abin da zai fito sai ya gani.

Cire hular da ke kanka ka duba ta da kyau. Gida ɗaya aka tsara, aka maimaita shi, a wani wurin aka kifa shi, bayan adadi kaza aka sauya zare, har aikin ya zagaye ya haɗe da inda ya faro ba giɓi. Wannan haɗewar ba sa'a ba ce. Sai da aka raba zagayen hular da faɗin gidan ya tafi daidai, in ba haka ba da ka ga rabin gida a ƙeya. Matar da ta ɗinka ta riƙe maimaitawa da sharaɗi da ƙirge a kanta, kuma su ne abubuwa uku da kowane mai rubuta manhaja ke aiki da su, har mai manhajar kawo kuɗin da yayanka ke so. Don haka wanda ya tashi cikin huluna da faifai da tabarma da aska takwas a ƙirjin babbar riga bai zo wannan fage a baƙo ba.

Ta fuskar kwamfuta kuwa, abin ya kai shekara sittin. A watan Fabrairun 1965 aka baje kolin zane-zanen wani masanin lissafi, Georg Nees, a birnin Stuttgart na Jamus, zanen da inji mai riƙe alƙalami ya fitar bisa umarninsa. Wadda na fi so ka sani ita ce Vera Molnár, 'yar ƙasar Hangari da ta zauna a Paris. Shekaru ta yi ba ta da kwamfuta, sai ta rinƙa kafa wa kanta doka tana binta da hannu a takarda, mataki bayan mataki, kamar ita ce injin. Sai a 1968 ta samu damar taɓa kwamfuta ta gaske. Ta rasu a Disambar 2023 tana da shekara 99. Na kawo ta ne saboda na san halin wutar lantarki da tsadar data a wajenku, kuma rayuwarta ta nuna rashin na'ura ba ya hana farawa.

Kayan aikin da ka gani a bidiyon, mai yiwuwa Processing ne ko ƙanwarsa p5.js. Casey Reas da Ben Fry suka fara Processing a 2001 a jami'ar MIT ta Amurka, don masu zane su koyi rubuta umarni ba tare da sun yi digirin kwamfuta ba. Daga baya Lauren McCarthy ta jagoranci mayar da tunanin cikin JavaScript, aka samu p5.js, wanda ke aiki a burauza kai tsaye. Kyauta ne, kuma yarensa shi ne wanda kake koya.

Kafin ka tafi Turai da Amurka neman magabata, ga ɗaya a gida. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, malamin lissafi da taurari daga Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 inda ya bayyana hanyoyin cika hatimi mai gidaje uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai da makamantansu, yadda duk layin da ka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimilla ɗaya zai ba ka. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Abin da mutane ke yi da hatimi wani zance ne daban, ni lissafin nake magana. Ga ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin wannan fanni: sa 1 a tsakiyar layin sama, ka haura gida ɗaya ka matsa dama ka sa lamba ta gaba. In ka fita daga hatimin, shigo ta ɗaya gefen. In ka tarar da gidan a cike, sauko ƙasan lambar da ka rubuta yanzu. A mai uku-uku za ka samu 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa, ko'ina 15. Doka ce gajera, ba ruwanta da girman hatimin, matuƙar adadin gefensa ba ya rabuwa biyu. Ran da ka iya sa kwamfuta ta cika mai gidaje 15 a kowane gefe, ka shafa wa lambobin da ke rabuwa biyu shuɗi, sauran fari, ka ga tsararren zanen da zai bayyana.

Amma wannan aiki na biyu ne. Na farko ga shi, kuma yau za ka iya yin sa. Samo littafin lissafi mai gida-gida da murfin kwalbar lemo. Ware gida goma a tsaye, goma a kwance. A kowane gida jefa murfin: in ya faɗi a kife, ja layi daga kusurwar hagu ta sama zuwa ta dama ta ƙasa, in ya faɗi a buɗe, ja ta ɗaya karkatar. Layin farko ba zai ba ka sha'awa ba. Wajen layi na huɗu za ka fara ganin lunguna suna haɗuwa, wasu suna rufewa, wasu suna miƙewa har gefen takarda, alhali ba kai ka tsara su ba. Wannan dabarar ta shahara tun zamanin kwamfutar Commodore 64 da ta fito a 1982, inda layi ɗaya tak na umarni ke cika allo da ita.

Sai ka mayar da ita p5.js. Shiri a can kashi biyu ne: “setup” da ke gudana sau ɗaya a farko, da “draw” da ke maimaituwa wajen sau 60 a daƙiƙa, wanda daga nan motsi ke samuwa. Buɗe fili mai ɗigo 400 a faɗi da 400 a tsawo, ka raba shi gida-gida masu ɗigo 20, ka samu gidaje 400. Abu ɗaya da ke rikita sabon shiga: ƙirge yana farawa daga kusurwar hagu ta sama, kuma lamba tana ƙaruwa ne in kana sauka ƙasa, saɓanin yadda aka koya maka a darasin lissafi. Maimaitawa biyu kake buƙata, ɗaya cikin ɗaya, ta waje tana bin layuka, ta ciki tana bin gidajen kowane layi, sai umarnin “random” ya maye gurbin murfin kwalba. Duka bai fi layi goma sha biyar ba. Gidaje 400 masu zaɓi biyu-biyu suna iya haifar da zane daban-daban da adadinsu lamba ce mai alƙaluma 121, wato ba za ka taɓa ganin iri ɗaya sau biyu ba sai in kai ka so. In wani ya burge ka kana son dawo da shi, akwai “randomSeed”: ka ba shi lamba, duk lokacin da ka sake ba shi ita, zanen nan zai dawo.

Daga nan wasan ke daɗi. Cire miƙaƙƙen layi ka sa baka biyu, kowane rubu'in da'ira, a kusurwoyi masu kallon juna. Nan take lungunan za su koma igiyoyi masu lanƙwasa suna zagaye juna, kusa da dagin da kake gani a bangon gidajen sarauta. Karkatar da ƙuri'ar, ɗaya gefen ya riƙa fitowa sau tara cikin goma, ka ga yadda tsari ke rinjaye, hargitsi ya zama ɗan gishiri. A ganina nan gwanintar take. Kowa na iya cika allo da launuka barkatai. Sanin inda za a bar wa ƙuri'a hanya da inda za a hana ta shi ne aikin.

Game da waya: shafin rubutu na p5.js yana buɗewa a burauzar waya, sai dai bugawa da yatsa akwai gajiya. Madannin kwamfuta na hannu da ƙaramar igiyar OTG za su sauƙaƙa maka. In ka shiga Kankiya, sauke fayil ɗin p5.js ɗin kansa ka ajiye, domin da shi shirinka zai gudana a kwamfuta ko ba intanet. Don darasi, nemi Daniel Shiffman mai tashar The Coding Train a YouTube. Littafinsa The Nature of Code ma ana karanta shi kyauta a intanet. Sauti da bidiyo da zane mai zurfi uku duk burauza tana ɗauka yanzu, amma kada ka yi gaggawar zuwa can. Kayan aikinsu, Three.js da ire-irensa, suna nan suna jiranka.

Kada kuma ka haɗa wannan da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney, inda za ka rubuta jimla a miƙo maka hoto. A can roƙo kake yi, ba ka san yadda aka yi ba. A nan kowane layi kana iya nuna umarnin da ya haife shi, in ya karkace ka san inda za ka gyara. Wannan sanin shi ne abin da zai bi ka zuwa duk aikin da ka koma.

To, maganar abinci. Za ka ji labarin 2021, lokacin da aka rinƙa sayar da irin wannan zane a kasuwar intanet ta NFT da kuɗi na fitar hankali, kamar jerin Fidenza na Tyler Hobbs mai zane 999. A shekarar ne kuma Osinachi, ɗan Najeriya daga Aba mai zane da Microsoft Word, ya kai aikinsa gidan gwanjon Christie's. Gaskiya ne duka, amma kasuwar ta rushe a 2022, kuma waɗanda suka yi asara sun fi waɗanda suka samu yawa nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi tukuna ya sa maka zanenka a kasuwa, rabu da shi. A nan yayanka ya yi gaskiya: zanen shi kaɗai da wuya ya riƙe ka.

Kasuwar da na fi yarda da ita tana kusa da kai. Teloli masu injin monogiram a Katsina da Kano kullum suna neman sabon aikin wuya, kuma mai shirin da ke fitar da samfuri hamsin daga doka ɗaya yana da abin tallatawa, ko da yake sai ya koyi mayar da zanen zuwa fayil ɗin da injin ke karantawa. Akwai masu buga katin biki da kalanda, masu yankan ƙarfen ƙofa, masu adon silin, da masu shafukan intanet da ke son jadawali mai motsi. Roƙona ɗaya: in ka ɗauki gidan hula daga hannun wata mai ɗinki ka mayar da shi shiri, ka nemi izininta, in ya kawo kuɗi ka tuna da ita, domin injin nan da ma yana cin kasuwarta.

Hukuncina shi ne kada ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya. Ci gaba da JavaScript da haɗa shafuka da ma'ajiyar bayanai kamar yadda yayanka ke so, ka kuma sa ido kan shirin horarwa na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 ta hannun hukumar NITDA, ko kwas ɗin kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta tarayya da ke Dutsin-Ma. Zanen kuwa ka riƙe shi filin atisaye, don kuskuren da zai ɓuya maka kwana biyu a manhajar lissafin kuɗi, a zane ido zai kama shi nan take.

Ka fara da takarda da murfin kwalba a makon nan. In ka mayar da shi p5.js ya yi aiki, nuna wa yayanka ka bar shi ya sauya lamba ɗaya da hannunsa, sannan ka turo mana hoton abin da ya fito. Allah ya ba da sa'a.