Ganin Likita Ta Waya a Zamanin Korona

Wani mai sauraro daga Zariya yana tambaya: shin likita zai iya duba mara lafiya ba tare da sun haɗu ba?

Zai iya, kuma annobar korona ce ta bunƙasa hakan. A Ingila, cikin 2020, likitocin unguwa sun koma ganawa da jama'a ta waya ko bidiyo. An raba wa wasu masu cutar 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, suna auna iskar da ke jininsu a gida, suna tura sakamakon. A watan Maris na shekarar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe layin WhatsApp mai amsa tambayoyi don daƙile jita-jita.

Sai dai ba a ɗibar jini ta waya, kuma wanda numfashinsa ya sarƙe, sai asibiti.