Yadda Ake Zaɓen Tayar Mashin da Sauya Ta Kafin Doguwar Tafiya

A Ɗan Isa da sauran garuruwan ƙasar Ƙauran Namoda, da mashin ake kai mara lafiya asibiti, da shi ake ɗauko buhun gero daga gona, da shi ake cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Mai hawa zai bi kwalta zuwa Gusau da safe, da yamma ya ratsa burji da rairayi zuwa wani ƙauye a yankin Zurmi, duk da tayoyi biyun nan. Kuma kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki: faci a tsakiyar daji gab da magariba ya wuce maganar ɓata lokaci, magana ce ta rai. Shi ya sa bai kamata a sayi taya don sheƙinta ko arahar kuɗinta ba. Duk abin da mai saye yake bukatar sani an rubuta shi a gefenta. Ga yadda ake karanta shi, ga kuma yadda ake saka tayar, ko Boxer ce ta kabu-kabu, ko babban mashin na doguwar tafiya.

Mataki na 1: Gane cewa tsohuwar ta gama aiki

Ɗora mashin a jak na tsakiya, ka juya ƙafar a hankali kana dubawa. A gefen taya za ka ga harufan TWI ko ɗan hoton dala. Bi saitinsa zuwa cikin ramin zanen, akwai ɗan tudu a ciki. In zanen ya suɗe har ya yi daidai da tudun nan, taya ta ƙare, ko da ba ta taɓa yin faci ba.

Akwai alamomin da ba sa jiran zane ya suɗe: ƙananan tsagu a gefe saboda rana da tsufa, kumburi a wuri guda wanda ke nuna zaren ciki ya tsinke, ko zare da ya leƙo waje. Haka nan in tsakiyar tayar baya ta baje saboda yawan bin kwalta, za ka ji mashin yana gardama a kwana. In kuma faci ya fara zuwa kusa da kusa, robar ce ta yi siriri, kowace ƙaya tana samun hanya.

Mataki na 2: Karanta girmanta

Girman da kamfani ya tsara yana cikin littafin mashin, wani lokaci kuma a ɗan lambar da ke manne kusa da sarƙa. A ƙananan mashina za ka ga rubutu kamar 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya. Lambar farko faɗin taya ce a inci, ta biyu girman rim. Mashina da yawa masu ƙirar Honda CG 125 rim ɗinsu inci 18 ne, kuma tayar 17 ba ta hawa rim 18, haka ta 18 ba ta zama a kan 17. Kada wani ya ce maka za a matsa ta shiga.

Wani rubutun kuma kamar 100/90-17 ne: faɗi milimita 100, tsayin gefe kashi 90 cikin 100 na faɗin, rim inci 17. Manyan mashinan doguwar tafiya sun fi ɗaukar 120/70 ZR17 a gaba da 180/55 ZR17 a baya. Harafin R yana nufin zaren cikinta a gicciye yake daga gefe zuwa gefe, irin ƙirar da ke jure gudu da zafi. Ba a haɗa mai R da marar R a mashin ɗaya sai in kamfanin ne ya tsara haka.

Samari da yawa suna son ƙara faɗin tayar baya don ado. Taya mai faɗi a kan siririn rim tana tsukewa, wurin da take taka ƙasa ya lalace, wani lokaci ta riƙa gogar sarƙa. Tsaya a girman da aka ƙera mashin da shi.

Mataki na 3: Duba nauyi da gudun da za ta iya

Bayan girman akwai lamba da harafi, misali 50P. Lambar nauyi ce: 41 na nufin kilo 145, 47 kilo 175, 50 kilo 190, 52 kilo 200, 58 kilo 236, 73 kuma kilo 365. Harafin gudu ne: J kilomita 100 a awa, L 120, P 150, W 270.

Yi lissafi da kanka. Mashin ya haura kilo 100, ga direba, ga buhun masara mai kilo 100 a kan kariya, kuma mafi yawan nauyin nan a ƙafar baya yake sauka. Tayar da aka rubuta wa kilo 175 za ta yi zafi fiye da kima, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da kwalta ke ƙuna. Mai ɗaukar kaya da fasinja ya nemi lamba babba a baya, ya kuma fifita tayar da aka rubuta wa 6PR a kan mai 4PR, domin jikinta ya fi ƙarfi.

Mataki na 4: Nemi ranar da aka ƙera ta

A gefen taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, galibi a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 1824, an yi ta a mako na 18 na shekarar 2024. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Ta bushe, ta daina kama hanya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana jan kunnen direbobi kan tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa.

Wannan lamba tana da muhimmanci a wurinmu saboda doguwar tafiyar da taya ke yi kafin ta iso. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008. Tayoyin mashin da ke kasuwanninmu yawanci daga Asiya suke zuwa, daga Indiya da Sin da Tailan, su sauka a tashar jirgin ruwa, su kwana a sito, su bi hanya zuwa Kano ko Gusau, sannan su rataya a bakin shago cikin rana. Sabuwa a leda tana iya zama tsohuwa a shekaru. Zaɓi wadda ba ta wuce shekara biyu ba, kuma wadda aka ajiye a inuwa.

Mataki na 5: Zaɓi zanen da ya dace da hanyarka

Mai yawan bin kwalta tsakanin Ƙauran Namoda da Gusau ya ɗauki zane mai laushi wanda ramukansa ke kore ruwa; ba ta ƙara, ba ta saurin ci. Mai shiga ƙauyuka, inda damina ke mayar da hanyar fadamar Gagare taɓo, rani kuma ya bar rairayi da tushiyar kara, ya ɗauki mai manyan haƙora a baya. Sai dai haƙoran suna saurin cinyewa a kwalta, kuma ba sa riƙe jiƙaƙƙen titi sosai. Wanda ke haɗa hanyoyin biyu, kamar yawancinmu, matsakaicin zane ya fi masa. Tayar gaba da ta baya aikinsu daban ne, kada a musanya su.

Taya marar tub tana da fa'ida babba a hanyar daji: in ƙusa ta shige ta, a hankali take sacewa, sau da yawa har ka kai gari. Amma sai a kan rim ɗin da aka yi dominta. Rim mai wayoyi yana zubar da iska ta ramukan wayoyin, dole a sa masa tub.

Taya ta hannu kuwa, araha ba ta ado. Akan goge ta da baƙin mai ta yi sheƙi, akan kuma sake yanka mata zane. Leƙa cikinta ka nemi faci, ka lanƙwasa gefen ka ga ko tsagu za su buɗe. In hali ya samu, sayi sabuwa, ka haɗa da sabon tub mai girmanta.

Mataki na 6: Cire ƙafar

Tanadi sifanu, filaya, ƙarafan cire taya guda biyu ko uku masu santsin baki, abin kwance allurar bawul, ruwan sabulu, famfo da geji. Shimfiɗa buhu ko kwali don kada yashi ya shiga boris.

Sassauta notin ƙarfen tsakiya tun mashin yana ƙasa, sannan ka ɗora shi a jak. A ƙafar baya, kwance notin sandar birki da ƙarfen da ke riƙe da murfin birki, ka sassauta notocin ɗaure sarƙa, ka zare ƙarfen tsakiya. Jera wasa da zobba a kan buhun daidai yadda suka fito, na dama a dama, na hagu a hagu. Ɗaukar hoto da waya kafin ka fara yana raba gardama. In birkin faifai ne, kada a matsa hannun birki alhali ƙafar tana waje, kuma kada a kwantar da ita a kan faifan.

Mataki na 7: Fitar da tsohuwar taya

Kwance allurar bawul iska ta fita gaba ɗaya, ka cire ɗan notin bawul. Taka gefen tayar da diddige ko'ina har bakinta ya saki rim. Sirrin aikin yana nan: tsakiyar rim rami ne. Danna bakin tayar da gwiwa ya faɗa ramin a ɓangaren da ya fi nisa da bawul, sai ɗaya ɓangaren ya saki. Sa ƙarfe kusa da bawul ka ɗago, na biyu tazarar yatsu huɗu, ka riƙa ci kaɗan-kaɗan. In ka ji kana kokawa, bakin ya fita daga ramin ne. Mayar da shi. Zaro tub, ka fitar da ɗaya bakin.

Kafin ka wuce, duba rim. Kankare tsatsa, ka tabbata robar da ke rufe kan wayoyi ba ta yage ba, kuma babu wayar da ta tsiro. Yawancin facin da ake ɗora wa ƙaya laifinsa, in ramin yana cikin tub ta ɓangaren rim, daga nan ya fito.

Mataki na 8: Saka sabuwa

Nemi kibiyar da ke gefen taya, ka daidaita ta da yadda ƙafar ke juyawa in mashin na tafiya gaba. In akwai ɗigon rawaya, a saitin bawul ake sa shi. Shafa ruwan sabulu a bakinta. Kada a yi amfani da baƙin mai, giris ko fetur: suna cin roba, kuma taya ta riƙa zamewa a kan rim har ta tsinke bawul.

Tura bakin farko ya shiga. Hura wa tub iska kaɗan, daidai yadda zai yi siffa ba tare da ya yi tauri ba, ka fara sa bawul a raminsa, sannan ka cusa sauran ba tare da murɗewa ba. Fara rufe baki na biyu da hannu daga ɓangaren da ya fi nisa da bawul, kana danna shi cikin rami. Sai a ɗan abin da ya rage za ka sa ƙarfe, kuma kada ya nutsa, domin a nan ne ake cizon sabon tub. Tura bawul ciki kaɗan don kada gindinsa ya maƙale a ƙarƙashin bakin taya.

In mai faci ne ke yi maka, tsaya a kansa cikin mutunci. "Malam, don Allah a duba kibiya, a sa mini geji" ba raini ba ne, kuma mai sana'ar kirki ba ya jin haushinsa.

Mataki na 9: Ba ta iska da geji

Hura, ka duba siririn layin da ke zagaye da gefen tayar: tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina, ta ɓangarorin biyu. In wani wuri ya nutse, sace iskar, ƙara sabulu, sake hurawa. Marar tub takan yi ƙara sau biyu in bakinta ya zauna.

Matsa taya da yatsa ko buga ta da sifana ba awo ba ne. Ƙananan mashina irin Bajaj sukan ɗauki psi 25 a gaba, 28 a baya, 32 in da fasinja. Manyan na doguwar tafiya sukan ɗauki 36 a gaba, 42 a baya. Abin da littafin mashinka ya faɗa shi ne gaba da komai. A auna da safe kafin a hau, domin taya mai zafi tana nuna lamba sama da gaskiya. Ɗiga ruwan sabulu a bakin bawul, in bai yi kumfa ba ka rufe da murfinsa. Babban mashin mai gudu yana bukatar a daidaita nauyin ƙafarsa a wurin masu na'ura, in ba haka ba kan zai riƙa rawa.

Mataki na 10: Mayar da ƙafar ka gwada

Mayar da komai yadda ka jera. Daidaita notocin sarƙa har alamomin dama da hagu su yi daidai, ka bar wa sarƙa wasan da ya kai santimita 2 zuwa 3 a ƙananan mashina. Ɗaure notin tsakiya sosai, ka sa masa sabon fil in mai fil ne. Haɗa sandar birki, ka juya ƙafar ka taka ka ga ta tsaya. Mai birkin faifai ya matsa hannun sau da yawa har ya yi tauri kafin ya motsa.

Sabuwar taya tana da santsi a fuskarta. Kilomita 150 na farko a tafi a hankali, ban da birkin gaggawa, ban da kwanciya a kwana. Washegari a sake auna iska, a sake taɓa notoci. Kuma kada a sauya taya a safiyar ranar tafiya. A yi kwana biyu kafin nan, a zaga da ita cikin gari, in akwai matsala ta bayyana kusa da gida. Daga nan, geji sau ɗaya a mako, da tub na ajiya da ƙaramin famfo a ɗaure a mashin duk lokacin da za a bar gari. Allah ya kai kowa gida lafiya.